Shin kurkum da habbatus sauda suna yanke wa ciwon daji hanyar jini?

Wani malamin makaranta daga Kumo ya aiko da wannan tambaya: "An tabbatar wa mahaifiyarmu da ciwon daji na mama a asibiti a Gombe. Likitoci sun ce za a fara mata kemo, daga baya a yi tiyata. Yayanmu ya turo mana bidiyo a WhatsApp inda wani Bature yake cewa kurkum da koren shayi da waken suya suna toshe jijiyoyin da ke kai wa ciwon abinci har yunwa ta kashe shi. Mun haɗa mata da habbatus sauda da garin zogale. Hajiya dama tana tsoron kemo, Yaya kuma ya ce a dakata wata uku a gani. Maganar jijiyoyin nan gaskiya ce?"

Malam, sannunku da jinya. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce. Bari in sa abin da ya fi gaggawa a gaba kafin dogon bayani ya binne shi: ranar da aka ba ku ta fara kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake ɗurawa a jini, ku kai ta. Kada a ɗaga ko da mako guda saboda bidiyon nan. Duk abin da zai biyo baya hujja ce, don ka sami abin riƙewa in za ka tunkari Yaya, tunda na san ba a tarar babba da "a'a" tsurarta.

Aikina harhaɗa magunguna ne, kuma kafin in koma asibiti na yi shekaru a ɗakin gwaji ina jiƙa saiwa da sassaƙe ina tacewa. Ba na cikin masu taɓe baki da zarar an ambaci itace. Baturen nan bai ƙirƙiri maganar jijiyoyi ba. Ilimi ne da aka shafe sama da shekara 50 ana yinsa, masana suna ce masa anjiyojenesis, wato tsirowar sababbin jijiyoyin jini. Laifinsa shi ne ya ba ku farkon labari ya riƙe ƙarshensa.

Ka ga yadda sabuwar unguwa take tashi a gefen Gombe, can wajen Tumfure ko hanyar Dukku? Gida biyu zuwa uku na farko ba sa neman famfo, 'yan ga-ruwa da kurarsu sun ishe su. Da gidaje sun yi yawa kura ba ta iya ɗauka, sai dai a jawo bututu daga babban layin da ya taso daga Dadin Kowa, in ba haka ba gini ya tsaya. Ƙari ma haka yake. Iskar oksijin da ke fita daga jijiya ba ta ratsa tsoka fiye da kashi 1 zuwa 2 cikin 10 na milimita. Shi ya sa tarin ƙwayoyin daji da ba su da jijiyar kansu ba sa wuce milimita 1 zuwa 2, kwatankwacin ƙwayar gero, kuma suna iya zama a haka tsawon lokaci mai su bai sani ba. Idan na tsakiya suka fara shaƙewa sai su riƙa sakin wani sinadari da ake kira VEGF. Takardar koke ce zuwa ga jijiyoyin da ke maƙwabtaka, a jawo mana layi. Jijiya kuwa ba ta rarrabe koken ƙari da na rauni mai neman warkewa, sai ta yi reshe ta nufe shi. Aikin na gaggawa ne irin na ɓarawon ruwa da dare, bututu a karkace, yoyo ko'ina. Daga cikin dalilin da ya sa ciwon da ya fashe yake yawan zubar da jini ke nan. Kuma hanyar da abinci ya shigo tana cikin hanyoyin da ƙwayoyin ke bi su fice zuwa hanta da huhu da ƙashi.

Ka riƙe wannan: ƙullutun da hannu ya iya laluba ya kai santimita 1 ko ya wuce. Na Hajiya ya daɗe da barin matakin ƙwayar gero, ya ja layinsa tuntuni.

Wanda ya fara kafa wannan magana wani likitan tiyata ne a asibitin yara na Bostan a Amurka, Judah Folkman. A 1971 ya rubuta cewa in aka hana ƙari jijiya za a iya tsayar da shi. Abokan aikinsa sun daɗe suna yi masa kallon mai mafarki. A 1989 Napoleone Ferrara ya ware VEGF ɗin kansa, aka san wanda za a kama. A 1998 wata babbar jarida a Amurka ta buga a shafinta na farko cewa wasu sinadarai biyu daga ɗakin gwajin Folkman sun narkar da ƙari a jikin ɓeraye, duniya ta ɗauka an gama da daji. Shi Folkman da kansa ya ja wa mutane birki, ya ce in kai ɓera ne kuma kana da daji, to za su iya kula da kai sosai. Da aka zo kan mutane, sinadaran biyu ba su yi abin da suka yi wa ɓera ba.

Sai a 2004 aka sami maganin farko da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a kan wannan hanya, Avastin, wanda aka ƙera takanas don ya cafke VEGF a cikin jini. An gwada shi a kan masu dajin hanji da ya riga ya bazu. Waɗanda aka ba kemo kaɗai, matsakaicin abin da suka rayu wata 15.6 ne, waɗanda aka haɗa musu da Avastin kuma wata 20.3. Kusan wata biyar ke nan, kuma tare da kemo. To ga abin da ya shafi Hajiya kai tsaye: a 2008 an ba shi izini a kan dajin mama, a 2011 hukumar ta janye izinin, saboda gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna bai ƙara wa matan tsawon rai ba, ga illa kuma. Maganin da ake ɗurawa ta jijiya, aka san awonsa, aka ƙera shi don wannan aikin kaɗai, bai iya kashe dajin mama da yunwa ba. Sai cokalin kurkum a madara?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In ka toshe VEGF, ƙari yakan sauya takarda ya aika koke da wani sinadarin. Wani kuma ba ya ma jiran sabon bututu, sai ya bi jikin tsofaffin jijiyoyin wurin ya riƙa zuƙa, kamar wanda aka yanke wa layi ya ɗaura a na maƙwabci.

Yanzu ga inda "bincike ya nuna" yake fitowa. Akwai wani gwaji da duk mai aikin nan ya sani, mai arha, da ƙwan kaza ake yinsa. Ana samo ƙwai mai zakara a sa a injin ƙyanƙyasa. A rana ta uku a huda gefe da sirinji a zuƙe ɗan farin, sannan a yanke ɓawon a buɗe taga kamar faɗin farce, a rufe da salatef. Bayan kwana takwas ko tara in ka ɗaga salatef ɗin ka haska fitila, abin da za ka gani sai ka yi tasbihi. Wata fata ce siririya shimfiɗe a ƙarƙashin ɓawon, jijiyoyi jajaye sun rarrabu a kanta kamar saiwar gamba, ɗan tsakon yana motsi a ƙasa. Sai ka ɗauko 'yar takarda da aka yanka kamar ƙwayar wake, ka ɗiga mata ruwan ganyen da kake gwadawa, ka ɗora a kan fatar. Bayan kwana biyu ka dawo. In ka tarar kewayen takardar ya yi fari fes babu jijiya, sai ka ɗauki hoto ka ƙirga.

Na yi wannan aikin da hannuna har na gaji, har da daren da aka ɗauke wuta janareta ya ƙi tashi, muka wayi gari tire guda ya huce, aikin mako biyu ya bi ruwa. Abin da na koya a wurin shi ne, kusan duk wani sassaƙe mai ɗaci ko mai bauri, in ka kaurara shi sosai, zai share jijiyoyin nan. Wani lokaci ka ga fari fes ka yi murna, washegari ka tarar ɗan tsakon ma ya mutu. Guba ce ka ɗiga. Kuma ko wanda ya yi aikin tsakani da Allah, ka lura da yadda aka yi: a kan jijiyar aka ɗora shi kai tsaye. Bai bi ta ciki ba, hanji bai tace shi ba, hanta ba ta sarrafa shi ba, ƙoda ba ta fitar da shi a fitsari ba. Takardun da masu bidiyo suke nunawa, mafi yawansu daga irin wannan ƙwan suke, ko daga faranti mai ƙwayoyin halitta, ko daga ɓera. Aiki ne mai kyau a matsayinsa na matakin farko, ni ma na ci abinci da shi.

Kurkum shi ne sarkin wannan fage, don haka bari mu zauna a kansa. Sinadarin da ke ba shi launin rawaya sunansa kurkumin, kuma a faranti yana rage VEGF, yana hana ƙwayoyin jijiya haɗuwa su yi bututu. Wannan an gani sau ba adadi. Matsalarsa ba ya narkewa a ruwa, hanji ba ya ɗaukarsa sosai, ɗan abin da ya shiga kuma hanta tana sauya shi nan da nan. A 2001 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Taiwan, inda aka ba mutum 25 tsantsar kurkumin na wata uku, wasu har giram 8 a rana. Abin da aka samu a jinin waɗanda suka sha giram 8 bai kai maikromola 2 ba (awo ne na yawan sinadari a cikin ruwa ko jini), alhali a faranti ana yawan zuba 10 zuwa 20 ko fiye kafin a ga aiki. Garin kurkum na kasuwa kuwa kurkumin da ke cikinsa kusan kashi 3 cikin 100 ne. Yi lissafin da kanka, tunda allo aikinka ne: kafin Hajiya ta sami giram 8 sai ta cinye sama da rubu'in kilo na gari kullum, kuma duk da haka ba ta kai awon faranti ba.

Masu sayarwa sun san wannan, shi ya sa suke haɗa shi da sinadarin masoro. Gaskiya ne wani gwaji a Indiya a 1998 ya nuna masoro yana ninka abin da ke shiga jini kusan sau 20. Yadda yake yin hakan shi ne ya rage wa hanji da hanta saurin sarrafawa, kuma wannan hantar ce za ta sarrafa kemo. A 2019 hukumomin lafiya a Italiya sun tattara rahoton mutane da dama da hantarsu ta kumbura bayan shan kafson kurkum, galibinsu irin masu haɗin masoro. A ƙasarmu da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, wasu ma suna ɗauke da shi ba su sani ba, wannan ba abin wasa ba ne. A 2017 wasu masanan sinadarai a Amurka sun bi bayan gwaje-gwajen kurkumin sama da 120 da aka yi a kan mutane, suka ce a cikin masu tsauraran ƙa'ida babu wanda ya tabbatar da shi a matsayin magani. Sun kuma nuna cewa shi sinadari ne mai ruɗin na'ura, yana manne wa kusan komai, launinsa ma yana shiga cikin awo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Koren shayi, wanda shi ne ganyen da ake dafa shayin Buzaye da shi, labarinsa ya faro ne daga cibiyar Karolinska a Suwidin a 1999, inda aka shayar da ɓeraye shayin aka ga jijiyoyi sun ragu a idonsu. Sinadarin sunansa EGCG. Bayan shekara goma, a 2009, aka gano wannan sinadarin yana kama wani maganin dajin ɓargo mai suna Velcade ya hana shi aiki. A 2018 kuma hukumar kula da abinci ta Turai ta ce miligiram 800 ko fiye a rana na kafsonsa yana taɓa hanta, amma shayin da aka dafa aka sha yadda aka saba ba ta ga laifinsa ba. Waken suya yana da jenistin, wanda tun 1993 aka nuna yana hana ƙwayoyin jijiya yaɗuwa a faranti. Sai dai shi jenistin yana kama da sinadarin mata na istirojin, kuma dajin mama da yawa da istirojin suke girma. Awara da madarar waken suya a matsayin abinci ba su da matsala, tsantsarsa a kafso ce ba mu so ga mai wannan ciwon. Akwai kuma resberatirol na inabi, wanda ake samun kaɗan a gyaɗa: kamfanin GlaxoSmithKline ya biya dala miliyan 720 a 2008 ya sayi kamfanin da ke aiki a kansa, a 2010 aka tsayar da gwajinsa a kan masu dajin ɓargo bayan ƙodar wasu ta samu matsala. Zogale abinci ne mai kyau, a ci shi a kwaɗo da miya, iyakarsa ke nan a wannan zance.

Habbatus sauda sai na yi a hankali, don na san matsayinta a zukatanmu, ni ma tana gidana. A cikin manta akwai timokwinon, kuma a 2008 an nuna yana rage jijiyoyin ƙari a jikin ɓeraye. Babu babban gwaji a kan mutane da ya nuna tana rage ƙari. Fatawa ta malamai ce, amma ga abin da kowane ɗalibi ya sani: Annabin da ya yabi habbatus sauda, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya ce a nemi magani, kuma ya inganta cewa ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu likita, likitan ya yanke masa jijiya ya yi masa lalas. Ba a ce wa Ubayyu ya dakata wata uku ba.

Wanda ya fi burge ni a duk wannan fage bai ma shiga bidiyon ba. Akwai wani itace a Afirka ta Kudu, Combretum caffrum, ɗan gida ɗaya da gezar da ke dajinmu, dangin sabara da marke. A shekarun 1980 George Pettit na wata jami'a a Arizona ya ciro wani sinadari daga ɓawonsa aka sa masa suna kombiretastatin. Shi ba ya jiran sabuwar jijiya ta tsiro, waɗanda ke cikin ƙarin yake rugurguzawa. Cikin 'yan sa'o'i jini ya daina shiga, tsakiyar ƙarin ta mutu. Ka ce an gama. Ashe akwai wani siririn zobe a gefe da yake shan jini daga lafiyayyar tsokar da ke kewaye, daga wannan zoben ciwon yake sake tashi. An gwada shi a dajin maƙoshi da na ƙwan mace da na huhu, yana tayar da hawan jini yana takura zuciya, kuma sama da shekara 30 ke nan bai sami izinin shiga kasuwa ba. Ina faɗa maka wannan ne don ka ga abin da ake nufi da sinadarin itace mai aiki a kan jijiya da gaske, da irin wahalar da ke gabansa ko da yana aikin. Kada kuma wani ya ji an ce dangin geza ya tafi daji da gatari. Kama da wane ba ta wane.

Akwai wata tambaya da nake so ka yi wa duk mai tallar irin wannan magani. Tsirowar jijiya ba ta ƙari kaɗai ba ce. Da ita rauni yake warkewa, da ita mabiyiya take kafuwa, da ita jariri yake yin hannu da ƙafa a ciki. Talidomaid, maganin da aka riƙa ba masu ciki don laulayi daga 1957, ya sa an haifi jarirai kusan 10,000 da nakasar gaɓoɓi, kuma a 1994 aka gano a ɗakin gwajin Folkman cewa yana hana jijiya tsiro. Avastin kansa yana kawo hawan jini da zubar jini, kuma ƙa'ida ce a dakatar da shi aƙalla kwana 28 kafin tiyata don kada ɗinki ya ƙi kamawa. To mai kwalbar da ya ce nasa yana toshe jijiyar daji, kuma mai ciki ma ta sha, yaro ma ya sha, babu illa, ɗayan biyu ne: ko ba ya toshe komai, ko yana da illar da bai faɗa ba. In kuwa yana toshewa da gaske, Hajiya da ke jiran tiyata ita ce ta ƙarshe da ya kamata ta sha shi ba da sanin likita ba.

Ga abin da nake so ka kai wa Hajiya da bakinka, cikin lallashi. Kemon da take tsoro, wani sashensa daga itace yake. Cikin magungunan da aka fi ba masu dajin mama akwai faklitaksel, wanda aka fara sayarwa da sunan Taxol. Daga ɓawon wani itace na arewa maso yammacin Amurka aka ciro shi. An sassaƙo ɓawon a 1962, Monroe Wall da Mansukh Wani suka bayyana siffar sinadarin a 1971, shekarar da Folkman ya yi rubutunsa, amma bai sami izini ba sai 1992. Shekara 30 ana tacewa, ana awo, ana gwadawa. Cibiyar daji ta Amurka ta tace samfurin tsirrai sama da 100,000 a wancan zamanin, waɗanda suka zama magani ba su cika yatsun hannu ba. Akwai kuma wata fulawa mai kunne biyar, ruwan hoda ko fara, da ake shukawa a harabar ofisoshi da asibitoci har nan Gombe, asalinta Madagaska. A shekarun 1950 wasu masana a Kanada suna gwada ta don ciwon suga sai suka ga tana karya fararen ƙwayoyin jini. Daga nan aka sami binbilastin da binkiristin, waɗanda har yau da su ake jinyar dajin jini na yara. Sai an tara ganyenta ɗaruruwan kilo kafin a sami giram guda, kuma dafa ta a sha guba ce kawai. Abin da zai ba ka mamaki, waɗannan magungunan suna cikin masu hana jijiya tsiro. A 2000 masu bincike a Toronto sun nuna a jikin ɓeraye cewa ɗan ƙaramin awo na binbilastin da ake bayarwa a kai a kai yana kama ƙwayoyin jijiyar ƙari, faklitaksel ma an ga yana yin haka. Wato abin da Yaya yake nema wa Hajiya a cikin kofin shayi, yana cikin ledar ruwan da za a rataya mata a asibiti, an tace shi, an auna shi daidai tsayinta da nauyinta.

Na san abin da ake faɗa a gida, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Na ga inda maganar ta samo asali. Ana kawo mace bayan shekara guda ana shafe-shafe da ɗaure-ɗaure, an buɗe zane wari ya cika ɗaki, fatar maman ta yi kamar ɓawon lemo, hammata ta cika da ƙululu. Likita ya yi abin da zai iya, bayan wata biyu ta rasu, sai a koma gari a ce allura ce. Ba a lissafa watanni goma sha biyun da suka wuce. Masu bincike a jami'ar Yale sun buga wani nazari a 2018 a kan mutum 281 da suka zaɓi maganin gargajiya ko na ganye kaɗai alhali ciwonsu bai bazu ba, aka kwatanta su da irinsu da suka karɓi na asibiti. Haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. A cikin masu dajin mama ya ninka fiye da sau biyar. Kuma tunda likitoci sun ce kemo sannan tiyata, alama ce suna ganin akwai abin da za a cim ma, so suke su ƙanƙantar da shi yadda zai ciru. Wata ukun da Yaya yake nema suna iya zama su ne tsakanin ciwon da ake cirewa da wanda sai dai a rage wa mai shi raɗaɗi.

Abinci kuwa kada ku hana ta komai da ranta yake so, in ba likita ne ya hana ba. Kurkum a dafa-duka, miyar zogale, awara, kofin shayi da safe, ɗan habbatus sauda a zuma yadda aka saba, duk ba su ne damuwata ba. Mai kemo abin da muke tsoron mata shi ne rama da ƙarancin jini, don in jininta ya yi ƙasa ranar allura sai a ɗaga, saboda haka ƙwai da wake da kifi da nama sun fi mata amfani a kan duk wani gari. Kada ku yarda da masu cewa a hana ta abinci don ciwon ya ji yunwa, ita za ta rame shi yana nan. Abin da za ku ajiye shi ne kafso, da tsantsa, da haɗin kwalba da ba a san abin da ke ciki ba, da duk wani abu da za a shafa ko a ɗaura a kan maman. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce. Ka juya kwalbar, sau da yawa za ka ga an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba.

In kuɗi yana cikin abin da ke sa Yaya jan ƙafa, kuma sau da yawa shi ne ba a faɗa, ku yi maganar a fili. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa masu dajin mama da na bakin mahaifa da na furostet (wata 'yar tsoka a ƙasan mafitsarar maza), kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe yana cikin asibitoci shida da aka fara shirin da su. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya yadda ake shiga. Ku kuma tambayi likita ko an duba mata ciwon hanta nau'in B kafin a fara, da kuma ko nata ciwon mai cin istirojin ne, don amsar za ta nuna ko akwai ƙwayar da za ta riƙa sha bayan tiyata.

Ranar da za ku je, ka tattara duk abin da take sha ka zuba a leda guda, har da na Yaya, har da wanda maƙwabciya ta kawo a ƙullin takarda. Ka ajiye a gaban mai harhaɗa magunguna na sashen, ka ce ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ba za mu yi muku faɗa ba, mun saba gani, wanda aka ɓoye mana ne yake ba mu wahala ranar da gwajin hanta ya fito ba daidai ba. Shi kuma Yaya, in ba zai samu zuwa ba, ka kira shi a waya kana gaban likita ka sa a sifika, ya yi tambayarsa da bakinsa.